Me ya sa taransifoma ke sake lalacewa bayan an gyara ta? Fashin baƙi kan matsalar ƙarfen tsakiya

Duk lokacin da taransifoma ta mutu, bayani biyu aka fi ji: ko a ce kwayil ya ƙone, ko a ce lodi ya yi mata yawa. Sai a sauke ta, a kai wa masu naɗi, a sake mata waya, a zuba sabon mai, a mayar. Wata tana zama lafiya shekara da shekaru. Wata kuwa ko shekara ba ta rufawa sai ta fara zafi, ƙuginta ya ƙaru, ta sake kwantawa, alhali ba a ƙara mata ko gida ɗaya ba. Ina matsalar take? Mai naɗin ne ya yi ha'inci, ko akwai wani ɓangare da tun farko ba a duba ba?

Sau da yawa amsar tana cikin ƙarfen da aka naɗa wayar a kansa. Gaskiya ne, in aka lissafa abubuwan da ke kashe taransifoma, kwayil da na'urar sauya matakin wuta da tangaran ɗin da waya ke shiga ta cikinsu su ne a gaba, ƙarfen tsakiya kasonsa kaɗan ne. Sai dai nasa ciwon ya fi kowanne iya ɓuya, kuma shi ne wanda sabon naɗi ba ya warkarwa.

Mene ne ƙarfen tsakiya, kuma me ya sa ake yin sa falle-falle?

A cikin taransifoma, wayar da wuta ke shigowa ta cikinta da wadda take fita ba su haɗu da juna ba. Abin da ke sada su shi ne ƙarfin maganaɗisu, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831: in maganaɗisu na sauyawa a kusa da waya, sai wuta ta taso a cikin wayar. Ƙarfen tsakiya shi ne hanyar da wannan maganaɗisu ke bi daga kwayil ɗaya zuwa ɗaya. Injiniyoyin kamfanin Ganz na Budafest, wato Zipernowsky da Bláthy da Déri, su ne a 1885 suka fito da taransifoma mai rufaffen ƙarfe, kuma har yau a kan wannan tsari ake.

To amma shi kansa ƙarfen yana ɗaukar wuta. Maganaɗisun da ke tayar da wuta a cikin kwayil yana tayar da ita a cikin ƙarfen ma, ta riƙa kewaya a jikinsa ba ta zuwa ko'ina, sai zafi kawai. Da a ce curi guda aka yi shi, da cikin ɗan lokaci zai gasa duk abin da ke kusa da shi. Shi ya sa ake yanka shi fallaye sirara, masu kaurin milimita 0.23 zuwa 0.35, a shafe kowane falle da wani siririn rufi da ke hana wuta tsallakawa zuwa na kusa da shi, sannan a jera dubbai a matse. In ka rage kaurin falle da rabi, asarar da wannan wuta mai kewaya ke jawowa tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ana kuma gauraya ƙarfen da sinadarin silikon kimanin kashi 3 cikin 100 don ya ƙara taurin kai wajen barin wuta ta ratsa shi. A shekarun 1930 Norman Goss a Amurka ya fito da dabarar murza ƙarfen yadda ƙwayoyinsa za su fuskanci gefe guda, maganaɗisu ya samu hanya mai sauƙi.

Abu ɗaya ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan, domin duk binciken da za mu yi magana a kai a kansa ya dogara. Zafin kwayil yana bin lodi: jama'a su kunna kaya ya hau, su kashe ya sauka. Zafin ƙarfen tsakiya kuwa ba ruwansa da lodi. Muddin taransifoma na jone da layi, ko da babu mai jan wuta ko ɗaya, ƙarfen yana aiki dare da rana.

Hanyoyin da yake lalacewa

Ta farko ita ce fallayen su haɗe da juna. Rufin da ke tsakaninsu ya ƙone ko ya goge, ko bakin falle ya yi ƙaya tun wajen yanka, ko wani ya buga shi da guduma wajen haɗawa, ko narkakken jan ƙarfe ya fantsama a kansa ranar da kwayil ya ƙone. Da zarar fallaye goma ko ashirin sun haɗe, wurin ya koma kamar curi guda. Zafi ya taru, ya ƙona rufin maƙwabtansu, su ma su shiga, ramin ya riƙa faɗaɗa a hankali har ƙarfe ya fara narkewa. A tsofaffin taransifomomi da ake zura sandar ɗauri ta tsakiyar fallaye, in bututun da ke raba sandar da ƙarfen ya fashe, sandar da kanta ce ke haɗe su gaba ɗaya.

Ta biyu ta fi kowacce yawa, kuma ita ce mutane suka fi kasa fahimta. Ana haɗa ƙarfen tsakiya da ƙasa ta wuri ɗaya tak, da gangan. Dole a haɗa, domin in aka bar shi yana reto a tsakiyar kwayil masu dubban bolt, zai tara caji ya riƙa tartsatsi zuwa jikin tanki. Amma dole kuma wurin ya zama ɗaya. Wanda ya saba da aikin wayarin na gida zai ce ai yawan wayar ƙasa alheri ne. A nan kuwa musiba ce. In aka samu mahaɗa ta biyu, an rufe da'ira ke nan: daga ƙarfe zuwa tanki ta wannan wuri, daga tanki a dawo ƙarfe ta wancan. Maganaɗisu na ratsa tsakiyar da'irar, don haka ta zama tamkar zagaye ɗaya na waya da aka haɗe bakinsa. Wutar da ya kamata ta tsaya a 'yan miliamfiya sai ta haura amfiya da yawa, tana bi ta wuraren da ba a gina su don ɗaukarta ba.

Me ke kawo mahaɗa ta biyu? Abubuwa marasa kwarjini. Guntun waya ko wosha da wani ya yar a cikin tanki. Garin ƙarfe daga famfon mai da ya fara cinyewa, wanda maganaɗisu ke jerawa ya zama gada. Dagwalon mai da ruwa da suka kwanta a ƙasan tanki suka jiƙa katakon da ƙarfen ke zaune a kai. Ko girgizar hanya ranar da aka ɗauko ta, ta sa ƙarfen ya gusa ya taɓa bango. Akwai ma sandunan da masana'anta ke sawa don riƙe ƙarfen lokacin jigila, waɗanda in aka manta ba a cire ko an juya su ba, taransifoma sabuwa fil za ta fara aiki da ciwonta.

Kishiyar wannan ita ce mahaɗar nan guda ɗaya ta tsinke ko ta saki, ƙarfen ya koma yana tartsatsi a cikin mai.

Sai sakin ɗauri. Ƙugin da kowa ya sani na taransifoma daga ƙarfen yake fitowa: duk lokacin da maganaɗisu ya ratsa shi yana ɗan miƙewa ya koma, sau biyu a kowane zagayen wuta. A layin da wuta ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙarfen na motsawa sau 100. Inda take sau 60, sau 120. Wannan ƙugi lafiya ne. In ɗauri ya saki ne sauti ke sauyawa, ya koma kakkaɓi ko ƙara mai kaifi, fallaye na gugar juna suna cinye rufinsu.

Akwai kuma lokacin da ƙarfen lafiyarsa ƙalau, abin da ake ɗora masa ne ya wuce kima. Yawancin taransifomomi ana tsara su su yi aiki a kusan tesla 1.7 (tesla ma'aunin yawan maganaɗisu ne), ƙarfen kuma yana ƙoshi, wato ya kasa ɗaukar ƙarin maganaɗisu, a wajen tesla 2. Tazarar ba ta da yawa. In bolt ya hau da kashi 10 cikin 100, an kai 1.87 ke nan. Haka in saurin juyawar wuta ya faɗi, kamar yadda ke faruwa da janareta mai tafiya ƙasa da gudunsa. Idan ƙarfe ya ƙoshi, ragowar maganaɗisu na fita ya bi tanki da ƙarafan ɗauri, waɗanda ba falle-falle aka yi su ba, ya gasa su. Misali mafi shahara shi ne guguwar rana ta watan Maris 1989, wadda ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na kimanin sa'o'i 9, ta kuma lalata babbar taransifoma a tashar nukiliya ta Salem a jihar New Jersey ta Amurka. Wutar da guguwar ta tura cikin layuka ce ta ƙosar da ƙarafan.

Yadda ake gano ciwon ba tare da an buɗe ba

Ma'aikaci nagari ba ya fara da sifana. Yana fara da mai. Man taransifoma kamar jinin majiyyaci yake: ɗan abin da aka ɗiba a sirinji yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Idan wuri ya yi zafi, man da ke taɓa shi yana farfashewa ya saki iskoki da ke narkewa a cikinsa, kuma kowane matakin zafi da irin iskar da yake fitarwa. Zafi maras tsanani na ba da mitan da itan. In ya haura, itilin ke rinjaye. Asitilin ba ya fitowa da yawa sai wuta ta yi tsalle ko zafi ya kai maƙura. Haidurojin mai yawa shi kaɗai na nuna ƙananan tartsatsi. Ƙa'ida mai lamba 60599 ta IEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, ta kasa ciwon zafi gida uku: ƙasa da digiri 300, tsakanin 300 da 700, da sama da 700. Michel Duval na kamfanin Hydro-Québec ya fito da alwatikar nan da ake kira da sunansa a shekarun 1970, inda ake ɗora kason mitan da itilin da asitilin a ga gidan da ciwon ya faɗa.

To ta yaya za a san ƙarfe ne ba kwayil ba? Alamu biyu. Kwayil a naɗe yake da takarda, takarda kuwa in ta gasu tana sakin iskar kabon monoksaid da kabon dayoksaid. In itilin na hawa amma waɗannan biyun suna nan yadda suke, to zafin yana kan ƙarfe tsirara ne, ba a cikin naɗi ba. Ta biyu ita ce wadda muka ce a riƙe: a rage lodi, ko a bar taransifomar a jone ba lodi, a ci gaba da ɗibar mai. In iska ta daina ƙaruwa, matsalar tana hanyar da wutar lodi ke bi, wataƙila wata mahaɗa ce ta saki. In ta ci gaba da ƙaruwa kamar ba a yi komai ba, ƙarfen tsakiya ne abin zargi na farko. Ba hukunci ne mai yanke gardama ba, domin akwai wutar da ke kewaya ƙarafan ɗauri wadda ita ma lodi take bi, amma yana rage fagen nema sosai.

A manyan taransifomomi ana fito da wayar ƙasan ƙarfen waje ta wani ɗan tangaran a saman tanki, kuma wannan ƙaramin abu yana sauƙaƙa aiki ƙwarai. Tana cikin aiki ma ana iya maƙala mitar awon wuta a wayar. Abin da aka saba ɗauka lafiya shi ne ƙasa da miliamfiya 100. In aka ga amfiya ɗaya ko fiye, akwai da'ira. Bayan an kashe ta, an kuma sauke cajinta, sai a kwance wayar a auna da Megger, na'urar awon ƙarfin rufi, tsakanin ƙarfe da tanki, da bolt 500 ko 1,000. Ma'aunin da cibiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta bayar shi ne: wadda ta daɗe tana aiki, sama da megaom 100 (ma'aunin yadda rufi ke tare wuta) lafiya, tsakanin 10 da 100 rufi ya fara gajiya, ƙasa da 10 sai an bincika. In allura ta faɗi sifili, ƙarfe na taɓa ƙarfe kai tsaye. Ƙananan taransifomomin rarraba wuta kuwa yawanci mahaɗarsu a ciki take, ba a iya wannan awo sai an ɗaga murfi. Ga ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ciwon ke wucewa ba a gani ba a cikinsu.

Sai awon wutar da taransifoma ke sha ba lodi. A mai ƙafa uku, wato ginshiƙan ƙarfe uku da ake naɗa kwayil a kansu, ƙafafun gefe biyu kan sha kusan daidai da juna, ta tsakiya ta sha ƙasa da su, saboda hanyar maganaɗisunta ta fi gajarta. In wannan tsari ya karye, ko adadin ya haura abin da aka rubuta a takardar gwajin masana'anta, akwai magana. A nan akwai tarkon da ke kama har ƙwararru. In an riga an auna kwayil da wutar batir, ƙarfen na riƙe ragowar maganaɗisu, sai awon ya fito a karkace a zaci ciwo ne. An sha buɗe lafiyayyar taransifoma saboda wannan. Ƙa'ida ita ce a yi awon rashin lodi tukuna, ko a wanke ragowar maganaɗisun kafin a auna. Haka abin yake ga gwajin da ake aika sigina masu saurin juyawa daban-daban a zana amsar da taransifoma ta bayar: ɓangaren ƙasa da juyi 2,000 a daƙiƙa shi ke magana a kan ƙarfe, shi ma ragowar maganaɗisu na iya gurɓata shi.

Babu gwaji ɗaya da ya isa shi kaɗai, kuma dukkansu ƙarfinsu na ninkuwa in akwai tsohon sakamako da za a kwatanta da shi. Inda ba a ajiye takardu ba, injiniya na aiki ne da rabin ido.

Gyara: daga mai sauƙi zuwa mai wuya

In mahaɗa ta biyu ce kuma alamu sun nuna datti ne ya yi gada, akan gwada ƙone ta ba tare da an buɗe ba. A cika kafasita, wato na'urar tara caji, da wuta a sauke ta lokaci guda tsakanin ƙarfe da tanki, gadar ta tarwatse, a sake aunawa. Yana ci sau da yawa, amma dattin na nan cikin mai, in ba a tace man ba zai sake jeruwa. Kuma aiki ne na wanda ya san iyakarsa, domin in aka zarce, rufin da ke da sauran lafiya shi ma zai tafi.

In ba halin kashe taransifomar yanzu, akwai dabarar jinkiri: a saka abin rage gudun wuta a kan wayar ƙasa ta ainihi, ya danne wutar da ke kewaya ta koma ƙasa da miliamfiya 100. Ciwon na nan, an dai hana shi cin jiki, kuma dole a ci gaba da ɗibar mai ana sa ido.

In waɗannan ba su yi ba, sai buɗewa. A zuƙe mai, a shiga ko a ɗaga kayan ciki, a bi duk inda ƙarfe ke kusa da tanki da ƙarafan ɗauri, a sauya katako ko kwalin da ya lalace, a share ƙasan tanki. Ana yin haka ne a guje, domin takardar kwayil na shan danshin iska kowace sa'a, bayan an gama kuma sai an busar an cire iska kafin a mayar da mai. Shiga cikin tanki kansa hatsari ne in ba a tabbatar da iskar shaƙa ba, tsofaffin taransifomomi kuma wasu na ɗauke da mai mai gubar PCB.

Haɗewar fallaye in a baki take kuma ba ta yi zurfi ba, ana iya goge wurin a hankali, a buɗa tsakanin fallayen, a cusa sabon rufi. Sannan a naɗa 'yar waya ta wucin gadi, a ɗora wa ƙarfen maganaɗisu daidai na aiki, a duba shi da kyamarar zafi a ga ko akwai inda ya fi sauran ɗumi. In ƙunar ta shiga ciki, babu gajeriyar hanya: a warware, a fitar da fallayen da suka lalace, a sa sababbi masu irin kauri da inganci, a sake jerawa.

A nan ne amsar tambayar farko take. Ba a iya cire kwayil sai an zare fallayen saman ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya, a kuma mayar da su yadda suke, kowane baki ya hau kan ɗan'uwansa. Wannan ƙarfe ba ya son lanƙwasa ko duka. Da an takura shi ingancinsa na raguwa. In aka mayar da su da giɓi a mahaɗa, wutar rashin lodi ta ƙaru. In wasu suka ƙi shiga aka jefar da su, faɗin hanyar ya ragu, maganaɗisu iri ɗaya ya matsu a ƙaramin wuri. In kuma mai naɗi ya rage yawan zagayen waya don ya tsira da jan ƙarfe, sakamakon ɗaya ne: ƙarfen ya matsa kusa da ƙoshi. Duk waɗannan ba sa hana taransifoma ba da wuta daidai ranar da aka kunna ta. Mita za ta nuna bolt ɗin da ake so, kowa ya watse yana murna, ita kuwa ta fara dafa kanta.

A gyara ko a sauya?

Masu cewa a gyara na da hujja. Ƙarfen da bai ƙone ba ba ya tsufa kamar takarda, yana iya yin shekaru da dama. Babbar taransifoma kuma ba kayan kanti ba ce, oda ake yi a jira watanni, wani lokaci fiye da shekara. Masu cewa a sauya su ma ba su yi ƙarya ba: ƙarfen zamani ya fi na da ƙarancin asara, nau'in nan na ƙarfe mai siffar gilas, wanda kaurinsa bai wuce kusan milimita 0.025 ba, yana rage asarar rashin lodi da fiye da rabi. Tunda asarar na gudana sa'o'i 8,760 a shekara, tsohon ƙarfe mai rauni na iya cinye kuɗin sabo a ɓoye.

A ganina gardamar ba ta da amfani in ba a auna ba. Awon asarar rashin lodi kafin a fara naɗi shi ke faɗin ko ƙarfen ya cancanci a sa masa sabuwar waya, awon bayan an gama kuma shi ke faɗin ko an mayar da shi yadda aka same shi. Wanda ya tsallake na farko caca yake yi da jan ƙarfe mai tsada.

Ga mai amfani da wuta, abin na zuwa ta hanya biyu. Asarar da ke tafiya a zafi wuta ce da aka samar ba ta isa gidan kowa ba, kuma a ƙarshe cikin kuɗin wuta ake lissafa ta. Sannan zafin na rage kwanan na'urar: a ƙa'idar IEC, takardar kwayil ta gama-gari na ninka saurin tsufanta duk lokacin da wuri mafi zafi ya ƙaru da digiri 6 a kan 98. Ƙarfen da ke ƙara wa mai digiri 12 zai iya mayar da rayuwar shekara 30 ta koma ƙasa da 8 in tana aiki a kan iyaka. Ranar da ta faɗi, kwayil ne za a gani a ƙone, shi kuma za a sake ɗora wa laifi.

Don haka duk wanda ya ba da taransifoma gyara, kamfani ne ko masana'anta ko ƙungiyar mazauna wuri, yana da damar neman takardar gwaji mai ɗauke da wuta da asarar rashin lodi kafin aiki da bayansa, awon Megger tsakanin ƙarfe da tanki, da sakamakon mai. Bayan an kunna ta kuma, a sake ɗibar mai cikin makonnin farko a kwatanta da na ranar da aka karɓe ta.